Kafin Babe Ruth Akwai Roger Connor

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi tsokaci a kan wani rubutu da ya fito a shafinku na wasanni kwanakin baya, wanda ya kawo tarihin gwanayen bugu mai nisa a wasan besbol na Amurka. Na ji daɗin rubutun ƙwarai, domin ba kasafai ake ba wannan wasa fili a harshenmu ba, kuma marubucin ya yi ƙoƙari wajen nuna yadda kambun wanda ya fi kowa tara irin wannan bugu a tarihi ya tashi daga hannun Babe Ruth zuwa Hank Aaron, daga Aaron kuma ya koma wurin Barry Bonds. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne an fara lissafin daga Ruth kamar shi ne ya sari dajin, alhali kuwa shi ma gada ya yi. Mutumin da ya gada sunansa Roger Connor, ya riƙe kambun shekara 26, kuma an yi masa irin mantuwar da har yau nake ganin ba ta dace da shi ba.

Da yake ba kowane mai karatu ne ya saba da wasan ba, bari in ɗan share fage. Ƙungiyoyi biyu ne masu mutum tara-tara, suna karɓa-karɓa tsakanin bugu da tsaro har zubi tara. Mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai bugu yana ƙoƙarin dukanta da kulki, in ya same ta sai ya ruga zango na ɗaya, ya wuce na biyu da na uku gwargwadon damar da ya samu, har ya dawo inda ya tashi, wurin da ake kira gida. Tsakanin zango da zango ƙafa 90 ne. Duk wanda ya kewayo ya taka gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya, kuma da zarar masu tsaro sun fitar da mutum uku sai bugu ya koma hannunsu. Bugun da ya ba mutum damar kewaye zangunan duka a tashi ɗaya shi ne Amurkawa ke kira hom-ron, ni kuma zan riƙa kiransa bugun kewaye. A yau yawanci ƙwallon ce ke tsallake katanga ta faɗa cikin 'yan kallo, mai bugu ya zagaya a tsanake. A zamanin Connor abin ya sha bamban, kuma a kan wannan bambanci ne maganata ta dogara.

An haifi Roger Connor ranar 1 ga Yuli, 1857, a garin Waterbury na jihar Connecticut, garin da ya shahara da masana'antun tagulla. Iyayensa baƙi ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Ayalan, kuma su 11 aka haifa a gidan. Ya bar makaranta tun yana yaro ya bi mahaifinsa masana'anta, kamar yadda akasarin 'ya'yan talakawan unguwarsu suke yi, mahaifin kuwa bai ɗauki buga ƙwallo a matsayin abin da mutum mai hankali zai dogara da shi ba. Ba za a ga laifinsa ba, domin sana'ar kanta ba ta kai ɗan nasa shekaru ba. Sai a 1869 aka fara samun ƙungiyar da ke biyan dukkan 'yan wasanta albashi a bayyane, a birnin Cincinnati, babbar gasar National League kuwa sai a 1876 aka kafa ta. Mahaifin ya rasu Roger bai cika shekara 20 ba, nauyin gida ya hau kansa, amma bai saki kulkin ba. Ya buga wa ƙungiyar garinsu, daga nan ya koma Holyoke a jihar Massachusetts, inda ya yi suna da cilla ƙwallo har cikin kogin da ke bayan fili. A can ne wani tsohon hannu mai suna Bob Ferguson ya gan shi, kuma da Ferguson ya karɓi ragamar ƙungiyar garin Troy ta jihar New York, sai ya tafi da shi babbar gasa a 1880.

Shekararsa ta farko ta nuna ƙarfinsa da rauninsa a lokaci ɗaya. Connor bahago ne, aka kuma ba shi tsaron zango na uku, wurin da bahago ke shan wahala domin sai ya juya jikinsa gaba ɗaya kafin ya jefa ƙwallo zango na ɗaya. A wasa 83 ya yi kuskure 60. Mai karatu na yau zai ga adadin ya yi yawa, amma ya kamata a tuna cewa a lokacin da hannu tsirara ake cafe ƙwallo, safar fata mai kauri da ake gani yanzu ba ta zo ba tukuna, filayen kuma cike suke da gargada. Wajen bugu kuwa ya samu .332, wato kusan sau ɗaya a cikin kowace tsayuwa uku yana buga ƙwallon da ta kai shi zango lafiya, kuma wannan ma'auni ne da ko a yau kaɗan ne ke kai shi. Daga 1881 aka mayar da shi zango na ɗaya, inda tsayinsa ya zama alheri, kuma a nan ya yi akasarin rayuwarsa ta wasa. Tsayin nasa ƙafa 6 da inci 3 ne, nauyinsa wajen kilo 100, a zamanin da yawancin 'yan wasa ba su kusa da haka ba. An rawaito cewa da ya isa Troy ba a samu rigar wasa daidai jikinsa ba, sai aka tura shi wata masaƙar riguna a gwada shi, kuma matar da ta gwada shin, Angeline, ita ce ya aura suka zauna tare fiye da shekara 40.

A Troy ɗin ne ya yi abin da ya isa a riƙa tunawa da shi ko da bai ƙara komai ba. Ranar 10 ga Satumba, 1881, suna karawa da ƙungiyar Worcester a wani fili kusa da birnin Albany, an shiga zubi na tara, na ƙarshe, Worcester tana da maki 7, Troy tana da 4. An riga an fitar da mutum biyu, saura ɗaya wasa ya tashi, sai dai akwai ɗan Troy a tsaye a kan kowane zango. Mai jifan Worcester shi ne Lee Richmond, wanda shekara ɗaya kafin nan ya zama mutum na farko a babbar gasa da ya fitar da masu bugu 27 a jere ba tare da ko ɗaya ya taka zango ba. Connor ya tsaya gabansa ya yi bugun kewaye, mutum uku suka shigo gida, shi ya biyo su na huɗu, wasa ya ƙare 8 da 7. Wannan shi ne karo na farko a tarihin gasar National League da aka yi bugun kewaye alhali zangunan uku duk a cike suke. Yaran da ke wasan nan a ko'ina cikin duniya suna mafarkin irin wannan lokaci, a ce zubi na ƙarshe ne, ana bin ku maki uku, kai ne mutum na ƙarshe, kuma na tabbata ƙalilan ne daga cikinsu suka taɓa jin sunan wanda ya fara yinsa da gaske.

Bayan kakar 1882 aka cire Troy da Worcester daga gasar saboda garuruwan ƙanana ne, kuɗin ƙofa ba ya isa, aka ba New York da Philadelphia gurabensu. Connor ya koma sabuwar ƙungiyar New York a 1883 tare da wasu abokan wasansa na Troy, irin su Buck Ewing da Mickey Welch. Da farko ana kiran ƙungiyar Gothams, daga wajen 1885 aka koma kiranta Giants, ma'ana ƙattai, kuma an daɗe ana danganta sunan da girman jikin mutane irin su Connor. Ƙungiyar ce dai ta koma San Francisco a 1958, tana nan da sunan har yau.

Yanzu bari in zo kan adadin, domin na san abin da mai karatu zai ce. Bugun kewaye 138 Connor ya yi a kaka 18, Ruth ya yi 714, Aaron 755, Bonds 762. In aka jera su haka, na Connor zai zama kamar kuskuren ɗab'i. Amma ba a auna hatsin wata kasuwa da mudun wata, kuma duk wanda ya duba yadda ake wasan a lokacin zai ga 138 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne.

Da farko, wasannin kaka kaɗan ne. Lokacin da Connor ya shiga, kowace ƙungiya wajen wasa 84 take yi a shekara, sai a hankali aka ƙara zuwa 98, zuwa 112, har aka haura 130, alhali Ruth ya tarar da kaka mai wasa 154, na yanzu kuma suna yin 162. Sannan ga ita kanta ƙwallon. Guda ɗaya ake fara wasa da ita, kuma ita ake so a ƙare da ita. In ta faɗa cikin 'yan kallo sai a dawo da ita, in ta yi datti ko ta yi laushi haka za a ci gaba. Kafin a kai zubi na bakwai ta zama baƙa, ta saki jiki, mai bugu da ƙyar yake ganinta, in ma ya same ta ba ta tafiya. Mai jifa kuma kusa yake. A 1880 ƙafa 45 ne tsakaninsa da mai bugu, daga 1881 aka mayar da shi 50, kuma sai a 1893 aka kai shi ƙafa 60 da inci 6 da ake amfani da su yanzu, lokacin Connor yana da shekara 36. A 1884 aka halatta wa masu jifa su ɗaga hannu sama da kafaɗa, wanda ya ƙara wa jifa gudu ba tare da an ƙara nisa ba. Adalci ne in ambaci abin da ya sauƙaƙa wa masu bugu, wato har zuwa ƙarshen 1886 mai bugu yana da ikon ya ce a jefo masa sama ko ƙasa, amma abin lura shi ne Connor ya fi yin bugun kewaye bayan an soke wannan gata. Filaye da yawa kuma katangunsu suna da nisa sosai, saboda haka kaso mai yawa na bugun kewayen wancan zamani da ƙafa ake cinsa: ka cilla ƙwallo ta wuce masu tsaro, kana gudu suna bin ta, ka kewaye ƙafa 360 kafin su dawo da ita.

A irin wannan yanayi, a 1880, waɗanda suka fi kowa a gasar, Harry Stovey da Jim O'Rourke, guda 6 kowannensu ya yi. Shi kansa Connor a kakarsa shida ta farko 15 kacal ya tara. A 1885 ya fi kowa a gasar iya bugu, da ma'aunin .371, amma bugun kewayensa a shekarar guda ɗaya ne. Sai daga 1887 ya buɗe wuta, ya yi 17, a shekaru uku da suka biyo baya ya yi 14, 13 da 14, kuma a jimlace kaka bakwai ya yi yana kai 10 ko fiye. Bai taɓa yin shekarar da ta girgiza duniya ba, sau ɗaya ma ya zo na ɗaya a gasarsa a wannan fanni. Da naci da daɗewa ya tara abin da ya tara, har a 1895 ya wuce Stovey mai 122.

Ni a ganina, wanda ke son sanin nauyin hannun Connor ya dubi wani adadi dabam, wato bugun da ke kai mutum zango na uku kai tsaye. Irin wannan bugu yana buƙatar ƙwallo ta yi nisa ƙwarai, mai bugu kuma ya kasance da gudu, kuma da yawa daga cikinsu da a filayen yau ne da katanga za su tsallake. Connor ya yi 233. Har yau, bayan fiye da shekara 120 da ajiye kulkinsa, mutum huɗu ne kawai suka fi shi a tarihin manyan gasanni: Sam Crawford, Ty Cobb, Honus Wagner da Jake Beckley. Mutum mai kilo 100 da ya yi haka, ya kuma saci zango, wato ya ruga zango na gaba ba tare da an buga ƙwallo ba, fiye da sau 200, ba ƙarfi kaɗai gare shi ba. Ya bar wasa da bugu mai kai wa zango 2,467, ya taka gida sau 1,620.

Mutanen zamaninsa sun san abin da suke gani. Filin da Giants ke wasa a lokacin, Polo Grounds na farko, yana arewa da babban lambun Central Park, tsakanin titi na 110 da na 112, kuma katangarsa ta dama tana da nisa da tsayi har ana ganin ba mai iya tsallake ta. Ranar 11 ga Satumba, 1886, Connor ya fuskanci Charles Radbourn na Boston, mutumin da shekara biyu kafin nan ya ci wa ƙungiyarsa kusan wasa 60 a kaka ɗaya, ya ɗaga ƙwallo ta haye katangar ta faɗa titi na 112. 'Yan kasuwar hannun jari na New York da ke cikin 'yan kallo suka yi karo-karo nan take, suka saya masa agogon zinariya da aka kiyasta kuɗinsa dala 500, a lokacin da ma'aikacin masana'anta irin mahaifinsa zai yi kusan shekara yana aiki kafin ya ga wannan kuɗi. A 1888 ya yi bugun kewaye uku a wasa ɗaya. A wannan shekara da wadda ta biyo ta Giants suka ɗauki kofin gasar, suka kuma doke zakarun ɗaya babbar gasar ta lokacin, St. Louis a 1888, Brooklyn a 1889, kuma a 1889 ɗin Connor ne ya fi kowa shigo da abokan wasansa gida, har sau 130.

Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da nake girmamawa fiye da duk waɗannan alƙaluma. Tun 1879 masu ƙungiyoyi suka ƙulla wata ƙa'ida a tsakaninsu, cewa ɗan wasan da ƙungiya ta sa wa hannu ba shi da ikon komawa wata ko da kwantiraginsa ya ƙare. Da mutum biyar-biyar aka fara, a hankali ƙa'idar ta mamaye kusan kowa. Ana iya sayar da mutum ba da saninsa ba, kamar yadda Chicago ta sayar wa Boston da King Kelly a kan dala 10,000 a 1887, ɗan wasa kuma ba shi da zaɓi illa ya bi ko ya bar sana'ar. A 1885 John Montgomery Ward, abokin wasan Connor wanda ya karanta shari'a, ya kafa ƙungiyar 'yan'uwantaka ta 'yan wasa, ƙungiyar ƙwadago ta farko a wasannin Amurka, kuma Connor yana cikin 'yan Giants da aka fara tafiyar da su. Da masu ƙungiyoyi suka fito da tsarin kasa 'yan wasa aji-aji tare da ƙayyade albashi mafi girma a dala 2,500, sai tura ta kai bango. A 1890 akasarin taurarin gasar suka fice suka kafa tasu, Gasar 'Yan Wasa, inda za a riƙa raba riba da su. Connor yana da shekara 33, yana cikin waɗanda suka fi samun albashi mai kyau da farin jini a New York, wato yana cikin waɗanda suka fi kowa abin asara. Duk da haka ya bi 'yan'uwansa, kuma a wannan gasa ce ya zo na ɗaya a bugun kewaye da guda 14. Gasar ba ta wuce shekara ɗaya ba. Attajiran da suka zuba kuɗi a cikinta suka karaya da asara, suka sasanta da tsofaffin masu ƙungiyoyi a bayan 'yan wasa, kowa ya koma inda ya fito. Ƙa'idar da suka yaƙa ta ci gaba da ɗaure 'yan wasa har ƙarshen 1975.

Sauran shekarunsa zan taƙaita. Ya koma Giants a 1891, ya yi kaka ɗaya a Philadelphia, ya sake dawowa New York, a 1894 aka sallame shi zuwa St. Louis. A can ya ɗan riƙe ragamar ƙungiyar a 1896, aka ci wasa 8 aka faɗi 37, domin ƙungiyar ta riga ta lalace. A 1897 ya bar babbar gasa yana dab da cika shekara 40, ya koma ƙananan gasanni na yankinsu, har ya mallaki ƙungiyar Waterbury yana buga mata yana kuma jagorantarta, matarsa tana kula da kuɗin ƙofa. Da ya ajiye wasa gaba ɗaya sai ya kama aikin duba gine-ginen makarantun garin. Waɗanda suka san shi sun shaide shi da natsuwa da kamun kai, a zamanin da aka san 'yan wasa da giya da faɗa da alƙalan wasa, kuma ina zargin wannan shiru-shirun nasa yana cikin abin da ya sa aka yi saurin mantawa da shi, domin 'yan jarida sun fi riƙe sunan mai hayaniya.

Babban dalilin mantuwar dai shi ne a zamaninsa ba wanda ke ƙirga abin. Henry Chadwick, ɗan asalin Ingila da ya tsara yadda ake rubuta sakamakon wasan a jarida kuma ake ɗaukarsa uban alƙaluman besbol, ya sha rubuta cewa neman bugun kewaye ɓarnar ƙarfi ce, gwanin gaske shi ne mai ajiye ƙwallo inda ba mai tsaro. Ma'aunin bugu ake dubawa a yaba wa mutum. Jimlar bugun kewayen da mutum ya yi a rayuwarsa ba abu ne da ake bugawa a jarida ba, balle a ce ga mai riƙe da kambu. Bayan tafiyar Connor wasan ya ƙara tsukewa. Frank Baker na Philadelphia, wanda har laƙabi aka yi masa da bugun kewaye, ya zo na ɗaya a gasarsa shekara huɗu a jere daga 1911 zuwa 1914, amma bai taɓa wuce 12 a kaka ba, ya kuma ƙare da 96. Wagner ya tsaya a 101. Haka 138 ta zauna shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ta, ba kuma wanda ya san tana nan.

Sai Ruth ya zo, kuma ba ni da niyyar rage masa komai, domin abin da ya yi ya wuce misali. A 1919 ya yi 29, ya karya tarihin kaka ɗaya na Ned Williamson, wanda ya yi 27 a 1884 a wani filin Chicago mai katanga kusa-kusa. Da Boston ta sayar da shi ga ƙungiyar Yankees ta New York ya yi 54 a 1920, fiye da abin da kowace ɗaya daga sauran ƙungiyoyin gasarsa ta yi gaba ɗayanta, a 1921 kuma ya yi 59. A kaka uku kacal ya tara 142, ya haura abin da Connor ya yi a 18. Amma shi ma zamani ya taimake shi. Tun wajen 1910 aka sauya cikin ƙwallon ta ƙara tashi, a 1920 aka fara hana masu jifa shafa mata yawu da sauran dabaru, kuma bayan ƙwallo ta sami Ray Chapman na Cleveland a ka ya rasu a watan Agustan wannan shekara, alƙalai suka koma sauya ƙwallo da zarar ta yi datti. Ruth farar ƙwallo mai tauri yake duka. Ranar 18 ga Yuli, 1921, a birnin Detroit, ya yi bugun kewayensa na 139. Ba a tsayar da wasa ba, ba a yi wani biki ba, ba a aika wa kowa saƙo ba. Connor yana raye a Waterbury, yana da shekara 64. Abin da ya fi taɓa ni shi ne a lokacin Yankees haya suke yi a filin Giants, ƙungiyar da Connor ya taimaka aka gina, filin da ya gaji sunan wancan da ya taɓa cilla ƙwallo waje da shi.

Ya rasu ranar 4 ga Janairu, 1931, yana da shekara 73, aka binne shi a maƙabartar St. Joseph ta garinsu ba tare da dutsen da ke ɗauke da sunansa ba. Da aka fara zaɓen gwarzayen da za a sa a zauren tunawa da mashahuran wasan a Cooperstown a 1936, ba a waiwaye shi ba. Ewing ya shiga a 1939, Dan Brouthers a 1945, Ward da Tim Keefe a 1964, Welch a 1973, duk abokan wasansa ne, shi kuwa shiru. Abin da ya tono shi aikin masu bincike ne, waɗanda suka bi tsofaffin jaridu wasa bayan wasa suna haɗa alƙaluma, aikin da ya haifar da babban kundin alƙaluman wasan da aka buga a 1969. Sannan da Aaron ya wuce Ruth ranar 8 ga Afrilu, 1974, a birnin Atlanta, sai mutane suka fara tambayar da ta kamata a yi tun shekara 53 da suka wuce: shi Ruth ɗin wa ya wuce? A 1976 kwamitin da ke duba cancantar tsofaffin 'yan wasa ya shigar da Connor zauren, shekara 45 bayan rasuwarsa, kuma a shekarar da 'yan wasa suka fara cin moriyar 'yancin sauya ƙungiya da ya yi wa fafutuka.

Ba zan rufe ido a kan wani abu ba, tunda maganar waɗanda lissafi ya tsallake ake yi. Manyan gasannin da Connor da Ruth suka yi fice a cikinsu sun rufe ƙofa ga baƙar fata. Moses Fleetwood Walker, wanda baƙar fata ne, ya buga wa Toledo a 1884, daga nan aka toshe hanyar har sai da Jackie Robinson ya shiga a 1947. Gwanaye irin su Josh Gibson sun yi rayuwarsu a gasannin baƙaƙe, inda ba a adana sakamakon wasanni da yawa ba, kuma sai a 2020 hukumar manyan gasanni ta amince cewa waɗannan gasanni manya ne, a 2024 ta haɗa alƙalumansu da na sauran. Aaron kansa ya sha wasiƙun barazanar kisa lokacin da yake dab da wuce Ruth. Zaluncin da aka yi wa waɗannan ya fi na Connor nauyi nesa ba kusa ba, domin shi sakaci aka yi da shi, su kuwa da gangan aka ware su. Na kawo su ne domin duk mai rubuta jerin gwarzayen wannan wasa ya san cewa jerin da ya tarar a hannun jama'a ba shi ne cikakke ba.

Roƙona gare ku, ya Edita, shi ne ku sa a gyara jerin a fitowa ta gaba, a rubuta cewa Harry Stovey ya riƙe kambun kafin 1895, Roger Connor daga 1895 zuwa 1921, Babe Ruth daga 1921 zuwa 1974, Hank Aaron daga 1974 zuwa 2007, sannan Barry Bonds. In da hali kuma, ina fatan marubucin shafin zai ware wa Connor rubutu na kansa, ya kuma kawo labarin Gasar 'Yan Wasa ta 1890, wanda na tabbata masu karatu za su so ji. Mutanen Waterbury sun riga sun yi nasu gyaran, domin a 2001 sun tara kuɗi sun kafa dutse mai sunansa a kan kabarin, shekara 70 bayan an binne shi.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Wassalam,
Naku, mai karanta jaridarku a kullum.